Ƙwaya Arba'in a Rana

Muna zaune a kantin magani a garin Bodø, can arewacin duniya, muna jiran a kira lambarmu, sai wani mutum ya juya wajen tsohuwar da ke gefensa yana kaɗa kwalbar bitamin D.

"Mama, dubi cuta. Likita ya ce mahaifina ya riƙa shan yunit ɗari takwas kullum, su kuma suka ba ni mai maikirogiram ashirin. Ƙwaya arba'in ke nan a rana!"

"Sannu da lissafi," in ji ta. "Ya sha kuwa?"

"Ina fa! Ɗaya tak yake haɗiyewa, ya ture sauran. Taurin kai gare shi."

"Kaico. Ga ɗa nagari zai aika shi lahira, shi kuma ya ƙi tafiya."

"Wace lahira kuma?"

"Yunit arba'in ne maikirogiram ɗaya, ɗan nan. Duk hunturun da rana ta ɓace mana, shi muke sha. Ashirin sau arba'in nawa?"

Ya ƙirga da yatsu. "Ɗari takwas."

"Ashe ƙwaya ɗaya ta isa. Tsohon bai son mutuwa ne kawai."

"Amma ai na riga na gaya wa hukuma ya fara ruɗewa, ba ya karɓar magani. Sun sa shi a layin gidan tsofaffi."

"Madalla. Ka ce su ba shi ɗakin da ke kusa da nawa, tagarsa tana kallon teku."

"Au, can kike?"

Aka kira lambarta. Ta dafa sanda ta miƙe.

"Ni ma ɗana gwanin lissafi ne."