Riyal ɗin Gwanjo a Kitson Inna

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Adamu, watana biyu a Maiduguri daga Konduga.

A Kasuwar Litinin na tarar ana gwanjon tsofaffin riyal na azurfa, irin na kitson matanmu. Na sayi biyu, na aika wa Inna ɗaya. Jiya wani maƙeri ya buga ɗayan a dutse, ya ce, "Samari, azurfa ƙara take yi. Wannan dalma ce, da ta sha ruwa za ta yi baƙi."

Malam, Inna ta riga ta kitsa nata, gida-gida take bi tana cewa ɗanta ya samu a birni. In faɗa mata ko in yi shiru? Don Allah a ba ni shawara kafin ta wanke kai.