Ido a Ƙafa, Kunne a Fata

A rumfar wani baduku a Sabon Gari na ji su. Wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irin waɗanda ake ce wa Mushe, ya kawo wata ƙatuwar safar hannu ta fata da ta yage.

"Mushe, wannan ta mece ce?"

"Ta wasan besbol ce, Baba. Da ita 'yan matan lakwal ɗinmu a Tibiri ke cafe ƙwallo. Sa mata fata mai tauri, ina son ta yi ƙara."

"Ƙara kuma? Ganga za ka kaɗa?"

"Ni ne alƙalin wasa. Buhunan yashi muke ajewa a fili, wadda ta bugi ƙwallo ta riƙa gudu daga buhu zuwa buhu. In wata ta biyo mai gudu a baya, dole ta ruga buhu na biyu. In mai tsaron wurin ta riga ta taka buhun da ƙwallo a hannu, mai gudu ta fita. Ido ba ya ganin ƙafa da hannu lokaci guda, sai in kalli ƙafar mai gudu, in saurari ƙarar ƙwallo a fata."

"To, wa ka zalunta kake huci haka?"

"Ban zalunci kowa ba! Ɗiyata Tsahara ce ke gudu. Na ji tas, sannan ƙafarta ta sauka. Na fidda ta, ajinsu ya sha kashi. Kwana huɗu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu."

"Haba Mushe! Bari in sa mai laushi, a wasan ran Asabar ba wanda zai ji komai."

"Ita ma ta ji, Baba. Shi ya sa ba ta yi mini gardama ba, fushi kawai take. Sa mai taurin."