Gidan Sauron da Kansila Ya Ƙone

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma Hakimi, Sarkin Ruwa da masuntansa, malamanmu, baƙinmu na Gusau da Tsafe, 'yan'uwa na Nahuce, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, jama'ar Bungudu baki ɗaya, ina gaishe ku.

Na gode da anka ba ni lasifika. An ce in rubuto jawabi, ni kuwa aji uku na yi a firamare, na ukun ma a bakin gulbi na ƙarasa shi. In kun ji na karkace, laifin takarda ne.

Mun taru mu yi wa ɗana Shu'aibu barka da sauka, bayan ya yi kansila, ya yi shekara takwas a majalisar jiha. Ba ɗan fari ba ne, saboda haka ina iya kiran sunansa ba kunya.

Abu biyu zan faɗa. Na farko, masunci ne ɗan masunci, ya iya jefa taru tun bai iya ɗaure wando ba. Ranar da masunta sunka ce ya tsaya kansila, uwarsa Uwani ta ce, "Malam, wa zai zaɓi mai ƙarnin kifi?" Na ce, "Masu cin kifin."

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Shekarar da anka raba mana gidan sauro, sai munka ga ashe taru ne Allah Ya kawo, wanda ko ɗan kifi kamar tsinke ba ya tsere masa. Sauro ya ci mu, mu munka ci 'ya'yan kifi, har tarwaɗa ta zama labari. Kansila da Sarkin Ruwa sunka hana. Ranar kame, wa anka fara samu tsamo-tsamo cikin ruwa? Ga shi yana yi muku jawabi.

Na ce, "Shu'aibu, ni ne fa."

Ya durƙusa cikin laka da babbar rigarsa, ya ce, "Na gane ka, Baba. Miƙo."

Ya ƙone nawa tare da na kowa. Tun daga ranar, in ya zo gaisuwa a zaure yake tsayawa, in ce "lafiya" in juya. Kifi ya dawo gulbi, na ci, ban gode masa ba. Jama'a sunka kai shi majalisa, na ci shinkafar biki, ban yi masa barka ba. Sau uku yana tsayawa, sau uku ina dangwala wa wani. Wannan karon ya faɗi, kuma kada kowa ya harare ni, ratar ta wuce ƙuri'a ɗaya.

Shekara goma ke nan, bai fasa zuwa ba, bai kai ƙarata ko wurin uwarsa ba. An ce babba juji ne. A gidana yaron ne ya zama jujin.

Shu'aibu, zauna, kada ka taso, in ka durƙusa ba zan iya gamawa ba. A gaban mutane na ga ka kunyata ni, a gaban mutane nake faɗa: kai ke da gaskiya. Ka yafe mini. Gobe in ka zo gaisuwa, ka wuce zaure, ka shigo ciki.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya cika gulbinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.