Ruwan da Ya Ƙi Ƙarewa

A tashar mota, wata dattijuwa riƙe da jarkoki biyu wayam ta zauna kusa da wani mahaƙin ma'adinai, takalmansa duk taɓo.

"Ɗana, ina ka samo taɓo da ranin nan?"

"Ke dai bari, Inna! Hanyar shiga ƙarƙashin dutsen can muke haƙawa. Da mun ɗan nutsa sai ruwa ya ɓalle har gwiwa. Inji uku ke zuƙa, ya ƙi ƙarewa. Na rasa daga ina jarabar nan take fitowa."

"Ina kuke zubar da shi?"

"Kwazazzabo mana."

Ta daɗe tana kallon takalman, sannan ta dangwarar masa da jarkokin.

"Daga rijiyarmu jarabar take fitowa. Tunda kuka fara, yashi guga ke kwasowa. Ungo, gobe ka ciko min."