A Mayar wa Nasalik Sunansa

Mai girma Magajin Gari, shugabar kwamitin sunayen wurare da abokan tafiyarta, dattawanmu maza da mata, maharba, jama'ar gari, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni, Siasi 'yar Qaunaq, damar magana. Ku gafarce ni idan na yi gaggawa, jirginku zai tashi da la'asar, ni kuma shekara talatin nake jiran kwamitinku ya zo ya zauna a kan waɗannan kujeru.

Da farko, dutsen da taswirarku ta kira Wexcombe, mu Nasalik muka san shi, wato mai hula, saboda ƙanƙarar da ta rufe kansa rani da hunturu. Yana can ƙarshen mashigin teku na arewa, kogunan ƙanƙara biyu sun sauko daga kafaɗunsa.

Na biyu, an rubuta cewa wasu masu awon ƙasa biyu ne suka gano shi a 1962. Mahaifina ne ya kai su. Kwana goma sha tara karnuka suna jan kayansu a kan ƙanƙara, uku daga cikin karnukan suka mutu a hanya. Hasken ƙanƙara ya makantar da ƙaramin cikin masu awon, mahaifina ya ɗaure shi a kan kaya ya ja shi. Da suka isa gindin dutsen, babban ya ɗaga hannu yana ihu: "Qaunaq, ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa taka nan!"

Baba ya ce, "To ɗaga mini, aboki. Duwatsun da kakata ke danne tantinta da su ka zauna a kai."

Suka yi dariya tare, suka ci nama tare. Da taswira ta fito, sai ga sunan wani mutum da bai taɓa jin sanyinmu ba.

Na uku, kuma shi ke hana ni sukuni: hular tana narkewa. Bara ƙanena ya je, ya tarar da ruwa yana gudu inda Baba ya tsallaka da ƙafa. Waɗanda suka san tsohuwar hanyar saura biyu, ɗaya tana asibiti a kudu. Kun ce mu jira nazari, mun jira. Kun ce mu kawo shaida, ga ɗayar, Inna Ittuq, nan a gaba, shekararta casa'in. Ku tambaye ta yau, ku mayar wa dutsen sunansa, kada ku ce baɗi. Yau!

Ubangiji ya ba ku zuciyar yin daidai, ya tsare maharbanmu a kan siririyar ƙanƙara, ya sauke jirginku lafiya.

Na gode.