Keken da Ya Sha Wankan Sallah

Ranar jajibirin Sallah, a shagon gyaran keken guragu mai lantarki a birnin Irbid, wani dattijo da wata budurwa suna zaune a benci suna jira.

"Baffa, naka me ya same shi?" in ji budurwar.

"Wanka ya yi, 'yata. Matata Ummu Ziyad in ta fara sharar Sallah ba ta barin komai. Ta wanke tsakar gida, ta wanke dardumai, ta juyo da tiyo kan kekena. Da ina kai, da har da ni."

"Tiyo! Ai ba a kai masa ruwa. Kashe shi ake yi, a goge da tsumma mai ɗanshi, kuma ba a jona caji sai ya bushe ƙayau. Ka dai faɗa mata?"

"Wa, ni? Cewa na yi iska za a ƙara wa taya. Kafin in samu keken nan, ita ta yi shekaru tana tura ni masallaci a keken hannu, har yau bayanta ciwo yake. Gobe ni zan ɗauko mata kaya, ta tafi tana kaɗa hannu kamar amarya."

Bakaniken ya leƙo. "Alhaji, naka ya tashi, ruwan bai kai batir ba."

"Alhamdulillahi!" Dattijon ya tafa hannu. "Amma 'yata kin san kan keke. A ina kika koya?"

Ta sunkuyar da kai. Bakaniken ne ya amsa.

"Jiya, a nan. Na babanta har sabulu ya sha a hannunta."