Zakaran da Malamin Asibiti Ya Ƙi Karɓa

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni ce Dije mai nono daga Ƙofar Wambai.

Sanƙarau ya kama autana Buba, wuyansa ya ƙage, har mun fid da rai. Muka kai shi asibitin gwamnati, aka yi ta yi masa allura. Yau ga shi yana bin maruƙa da gudu. Ikon Allah, har yanzu in na dube shi sai in yi hamdala.

A wurinmu ba a yi wa mai magani godiyar baki kawai, sai na kai wa malamin asibitin zakara da man shanu. Ya ce, "Inna, koma da abinki, jangalin shanunku ya riga ya biya." Jangalin nan da nake tsine wa kullum!

Yanzu a kasuwar Wunti gardama ake ta yi. Wasu na cewa in mun sami mulkin kai gwamnati ta ɗauki nauyin maganin kowa. Maigidana ya ce wayon ƙara haraji ne. Na ce ya dubi wuyan Buba ya maimaita.

Malam, a ba ni shawara. Zakaran nan na riga na yi alkawarinsa, wa zan kai wa?